Gishiri a Zauren Baba

Lokacin da aka kawo ni gidan Malam a unguwar Yara ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kuma a zamanin nan babu magidancin da ke cin tuwon dare a cikin gidansa. Da an sallame sallar magariba kowa zai shiga gida ya ɗauko kwanonsa ya nufi zauren da ya saba. Ciyayya ake ce wa abin. Malam da maƙwabtansa a zauren Baba suke yi. Baba dattijo ne da ya yi fataucin goro tun yana saurayi, har ƙafafunsa suka gaji ya zauna gida. Bangon zaurensa shi ne bangon madafata, saboda haka na yi shekaru ina jin hirar mutanen da ban taɓa zama da su ba.

Ba kowa ke cin na gidansa ba. Akan jera kwanuka a gaban Baba, ya jawo ɗaya ya buɗe, ya yi bisimilla, kowa ya sa hannu. In an ci an ture, ya jawo na gaba. Ranar da wani gida bai ɗora tukunya ba, maigidan ya zo ya zauna ya ci, babu mai tanka masa. Abu guda ne ba a yi: ba a janye hannu daga kwanon wani. Wanda ya ci na wannan gida ya ƙi na wancan, to ya yi magana ke nan ko bai buɗe baki ba. Ko dai yana ƙyamar gidan, ko yana zargin an sa masa wani abu a ciki. Na ji labarin mutanen da suka daina gaisawa har mutuwa a kan wannan.

Mu mata ba ma zuwa, amma kwano yakan dawo mana da labari. In ya dawo an suɗe shi, ka kwana da sanyin rai. In ya dawo da rabin malmala, ka yi ta tunanin inda ka kuskure, ko tuwon ne ya yi gudaji, ko daddawa ce ba ta ji ba. Malam bai taɓa ce mini miya ta yi daɗi ba. Yakan ajiye kwanon a bakin ƙofar ɗakina ya wuce, ni kuma in ɗaga murfi in duba.

Ba su da yawa a zauren. Ban da Baba da Malam akwai wani tela marar magana, da wani malamin makarantar allo, da mahauci. Malam akawu ne a ofishin En'e, wato hukumar sarki ta lokacin, Bafulatanin gari wanda ko akuya bai taɓa kiwo ba. Wannan bai hana mahaucin tsokanarsa kullum ba, don tsakanin Fulani da mahauta akwai wasa tun kaka da kakanni.

"Ɗan Fulani, yau ma na kwantar da ƙanenka guda. Fari ne, mai dogon ƙaho. Da na duba fuskarsa sai na ga kamar taka."

"Allah ya isar masa," in ji Malam. "Kai dai Sarkin Fawa ranar hisabi layinka zai yi tsawo."

Abincin lokacin ba shi da yawan kala. Tuwon dawa ne da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa. In doya ta shigo a yi sakwara da miyar riɗi. Da rana fura, ko ɗumame in ya saura. Nama sai ranar kasuwa, shi ma yanka biyu uku ne a ƙasan miya, Baba ya raba da hannunsa.

Bayan yaƙin basasa sai abubuwa suka sake. Aka ce ƙasa ta samu mai, aka ƙara wa ma'aikata albashi, motoci suka fara kawo kayan da a da sai a gidan Bature. Shinkafar waje ta shigo, fara tas ba tsakuwa, da madarar gwangwani, da kifin gwangwani, da ɗan dunƙulen nan da ake marmasawa a miya. Malam ya daina shan koko da safe, ya koma shayi da burodi. Da rana ba ya dawowa gida, a bayan ofis yake cin shinkafa da soyayyen nama wurin wata mai abinci. Mu ma a gidaje muka shiga wata gasa wadda ba wanda ya ce a yi. Wannan ta sa dunƙule biyu, waccan ta sa uku, mai yana yawo a saman miya. Malam da yake siriri kamar kara ya cika, wuyansa ya yi kauri. Mutane suna cewa Akawu ya murje, ni kuma ina jin daɗi, don ai yabon na mai girki ne.

Ciwon kai ya fara yi masa daga ƙeya. Wani lokaci in ya miƙe daga sujada sai ya dafa bango. Da abin ya ƙi ƙarewa ya je asibiti, ya dawo da ƙwayoyi a ƙunshe, ya zauna a bakin gado ya cire hula. Bai taɓa kiran sunana ba, ranar ma bai kira ba.

"Ke, zo ki ji. Likita ya ce jinina ya hau. Ya ce in bar gishiri, in bar kanwa, in bar kitse, in bar wannan dunƙulen naku."

"Har yaushe, Malam?"

"Bai sa rana ba."

"To zaure fa?"

Ya riƙa juya hular a hannu. Sannan ya ce in dafa namu ba gishiri, shi ya san yadda zai yi, kuma kada maganar ta fita daga ɗakin nan. Na ce ai faɗa wa Baba ba wani abu ba ne. Ya ce shi ba zai zauna cikin maza ana cin abinci ya kama ba da labarin jikinsa ba. Yana da kunya irin ta mutanensu, wadda ko yunwa yake ji ba zai ce yana ji ba. Na ce to ya riƙa ci a gida. Ya dube ni kamar na ce ya bar garin. A zauren nan ubansa ya ci tuwo har ya rasu, kuma wurin da yake zama wurin uban ne, jikin ginshiƙi ta hannun dama. Duk abin da ya biyo baya, a kan wurin zaman nan ne.

Ranar farko na yi miyar kuka ba gishiri ba kanwa. Na ɗanɗana na ji kamar ruwan wanke tukunya. Ya ɗauka ya fita, ni kuma na tsaya a madafa ina kasa kunne. Na ji ƙarar murfin kwanona, don na san ta. Sannan muryar mahauci ta tashi.

"Ɗan Fulani, gishirin gidanku shanu kuka ba suka lashe?"

Aka yi dariya. Malam ma ya yi. Kwanon ya dawo an ci gefe guda kawai, gefen da yake zaune. Ban yi kuka ba, amma ban iya cin nawa ba.

Haka aka yi ta yi. Dabarar da ya ce ya sani ita ce ya cika cikinsa da namu, in an buɗe na wasu ya taɓa bakin tuwon ba tare da miya ba, ko ya kama tari, ko ya shiga ba da labarin ofis har a ture kwanon. Yana ganin ba a lura ba. Amma mutanen da suka yi shekaru suna haɗa hannu a kwano guda sun san yawan lomar kowa. Hira ta fara raguwa a zauren. Mahauci ya daina tsokana, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Matarsa da muke aron turmi da ita ta daina leƙowa. A wurin wani suna na ji ana cewa tun da aka ƙara wa Akawu albashi ya fara ƙyamar abincin talakawa, wata kuma ta ce a'a, wani malami ne ya gaya masa a yi hankali da maƙwabta. Da suka gan ni suka sake magana.

Na gaya masa. Ya ce mata ba sa rasa abin faɗa. Amma ya daɗe zaune bai cire takalmi ba.

Baba ne ya kawo ƙarshen abin. Wata magariba an jera kwanuka, ban ji ƙarar murfi ko ɗaya ba. Sai muryarsa, a hankali kamar yadda yake magana kullum.

"Akawu, da ubanka na fara cin tuwo a nan, kana rarrafe. Hannunka ya kwana biyu ba ya wuce kwano guda. In akwai gidan da kake tsoron abincinsa, ka faɗa yanzu a gaban kowa. In nawa ne ma ka faɗa."

"Subhanallahi, Baba."

"To mene ne?"

Can Malam ya ce, "Ba ni da lafiya ne. Likita ya hana ni gishiri da wasu 'yan abubuwa."

"Shi ke nan?" in ji mahauci. "Shi ke nan abin da ka hana mu barci a kansa? Amma Fulani akwai wahalar da mutane. Ciwo abin kunya ne?"

Zauren ya kaure da sannu da Allah ya sawwaƙe. Na zauna a kan turmi na yi hamdala, ina ganin an gama.

Ashe ba a gama ba. A unguwarmu namiji ba ya shiga maganar tukunya. Zai kawo cefane, amma ba zai tsaya ya ce wa mace sa kaza, bar kaza ba. Kowannensu da ya shiga gida abin da ya ce shi ne Akawu ba shi da lafiya, a kyautata kwanon gobe. Maganar gishiri a zaure ta tsaya. Mu kuwa abin da muka tashi muka tarar shi ne marar lafiya abinci mai maiƙo ake ba shi, don ya samu ƙarfi. Washegari gidan mahauci aka aiko farfesun kayan ciki da tozo, kitse yana ƙyalli. Gidan tela miyar taushe, an kwarara man shanu. Gidan malamin allo kaza suka yanka, mutanen da na san sai da salla suke yanka kaza. Daga gidan Baba aka haɗo da kunun kanwa. Kowane kwano aka buɗe sai a tura shi gaban Malam.

"Ci, Ɗan Fulani. Wannan tozon da hannuna na zaɓa, na hana wani Alhaji."

Ya ci. Mutumin da jiya aka tambaye shi wa yake zargi, yau ba shi da bakin da zai ce a'a. Ya ci na kowa, ya yi godiya. Da ya shigo na ce, "Malam, ai ka faɗa musu." Ya ce, "Na faɗa. Kaza suka yanka, ke. Kin san gidan." Washegari ma haka, da wanshekaren. Matan suna ta ƙoƙari, kowace ba ta so a ce ita ce ta gaza.

Ranar da abin ya kai shi ƙasa, da safe ne yana shirin ofis. Haɓo ya ɓalle masa, jiri ya ɗebe shi ya zube a tsakar gida. Aka kai shi asibiti, aka riƙe shi 'yan kwanaki, aka sallamo shi da kashedi mai ƙarfi.

Inna, uwargidan Baba, ta zo dubiya da hantsi, da ƙwaryar kunun kanwa a hannunta. Tsohuwa ce mai tsawo, ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka. Ta miƙo mini ƙwaryar ta ce in ba shi tun da zafi. Ban taɓa mayar wa babba da kyauta ba. Na durƙusa, hannuwana a cinya, na kasa ɗagawa.

"'Yar nan, karɓi mana."

"Inna, ki gafarce ni. Shi ne abin da ke kayar da shi."

"Kunun?"

"Kanwar. Da gishiri, da man shanu, da kitse, da dunƙule. Duk abin da aka yi masa na alheri a kwanakin nan, shi likita ya hana."

Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali. Ta dubi ƙofar ɗakin da yake kwance.

"Kuma ya ci?"

"Ya ci, Inna."

"Kuma waɗancan suna zaune suna kallo, sun ji da kunnensu." Ta girgiza kai. "Maigidana ya shigo ya ce mini a kyautata kwano. Abin da ya ce ke nan. Tashi ki kawo mini miyar da kike yi masa."

A lokacin na ɗan koyi dabaru. Nakan ƙara daddawa, in soya riɗi sama-sama kafin in daka, in sa citta da tafarnuwa da masoro, wani lokaci ɗan yakuwa don tsami ya rufe rashin gishirin. Ta sa yatsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta sake ɗanɗanawa.

"Lami ce," ta ce. "Amma ba ta kashe kowa."

Daga gidanmu ba ta koma gida ba. Ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta tsara shi ne kowace mace ta yi miyarta yadda ta saba, amma kafin ta sa gishiri da dunƙule da mai, ta kwashe ta zaure gefe. Kanwa kuwa a bar ta gaba ɗaya a miyar dare. Matar mahauci ce ta ba ni labarin yadda suka yi, bayan mun koma aron turmi.

"Na ce mata, Inna, ni in aika wa maza miya ba gishiri? A ce wa ta yi? Ta ce, a ce ni na yi. Na ce maigidana ba zai ci ba. Ta ce, in bai ci ba ya kwana da yunwa, ai yana da ajiya a tumbinsa."

Ranar da Malam ya koma zaure, Baba ya sa an ajiye ɗan kasko a tsakiyar tabarma, da gishiri da yaji a ciki. Mai so ya ɗiba ya barbaɗa a gefensa. Aka buɗe kwano na farko, kowa ya sa hannu, har da Malam. Mahauci ya yi ta mita.

"Wannan zalunci ne. Mutum guda ya yi ciwo, a sa unguwa guda magani. Ɗan Fulani, ka ga abin da ka jawo mana? Yanzu ni da nake sayar da kitse, a zaure ba ni da ikon ganinsa."

"Ka ci naka a rumfa, Sarkin Fawa. Ai mun san kana ci," in ji Malam.

Na ji dariyar tela, wadda ba kasafai ake jin ta ba. Ba zan ce kowa ya ji daɗin tsarin ba. Akwai matar da ta riƙa sa ɗan gishiri a ɓoye don kada a raina girkinta, sai da Inna ta koma. Shi ma Malam ban isa in ce ya kiyaye a ofis ba, don wani lokaci nakan ji ƙamshin suya a rigarsa. Amma ya rage, ya sha maganinsa, kuma ya ci gaba da zama a jikin ginshiƙin nan shekaru masu dama. A cikinsu muka aurar da 'yarmu ta fari, ya kuma bar aiki da ƙafarsa.

Ciwon ya dawo masa wata damina, ya shanye masa ɓarin dama. Bakinsa ya ɗan karkace, magana tana fita da ƙyar, hannun dama ya kwanta a cinya ba ya motsi. Da ya dawo daga asibiti nakan ba shi abinci a ɗaki. In an yi magariba ya ji motsin kwanuka a waje, sai ya juya fuska bango. Na ce ko a taimaka masa ya fita. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna mini, ya mayar. Na gane. Ba a sa hagu a kwanon jama'a.

Ban gaya wa kowa ba. Amma wata magariba na ji sallama a ƙofar gidanmu, muryoyi da yawa. Baba ne, ana riƙe da shi don shi ma ƙafa ta ƙi, da sauran, kowa da kwanonsa. Suka shimfiɗa tabarma a ɗan zaurenmu da ba ya ɗaukar mutum biyar sai an matsu. Tela da mahauci suka shigo har ɗaki, na ja mayafi na koma gefe, suka ɗauko shi suka jingina shi da bango. Na tsaya a bayan ƙofa.

Baba ya buɗe kwano ya yi bisimilla. Malam bai motsa ba. Sai mahauci ya wanke hannu, ya matsa kusa da shi, ya yanko loma ƙarama ya shafo miya.

"Buɗe baki, Ɗan Fulani. Yau ga ranar da nake jira. Bafulatani a hannun mahauci."

Malam ya yi wani sauti. Na ɗauka kuka ne, har na sa hannu a ƙofa. Dariya ce, irin wadda bakin ya iya. Ya faɗi wata magana da ban ji ba.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Wai in yi bisimilla tukuna, kada in ba shi mushe."

Ya karɓi lomar. Kowane kwano aka buɗe, sai mahauci ya ba shi daga ciki kafin ya ci nasa, ya goge masa gefen baki da bayan hannu, yana yi yana surutu don kada a yi shiru.

A zaurenmu suka ci gaba da ci har ƙarshen damina da farkon kaka. Ya rasu ana cikin haƙar sabuwar doya, da rana, bayan azahar. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Baba da Inna da suka bi shi ba da daɗewa ba. Mahaucin ne ya shiga kabari ya karɓe shi. An ce mini da ya fito sai ya tafi gida a ƙasa, ya bar kekensa a maƙabarta sai da aka kai masa.